Kaset Mai Koren Hankici

Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Autata Binta ce riƙe da biro, ina faɗa tana rubutawa, kuma na ce mata kada ta gyara mini magana ko ta ga na karkace. In na tsaya share hawaye sai ta jira ni. Sunana Rakiya. Na faɗe shi tun yanzu saboda rabin labarin nan a kan wannan suna yake, kuma waɗanda suka taɓa kirana da shi duk ƙasa ta rufe idonsu.

A Lakwaya ta ƙasar Gwarzo aka haife ni, damina biyu bayan babana ya dawo daga yaƙin Bama na zamanin Turawa. Ya dawo da akwatin ƙarfe da bargo da wata fitilar ƙwai wadda ba a kunnawa sai an yi baƙo. Mu da aka haifa a wannan tsakani mun buɗi ido ana niƙa a dutse, ga shi ba mu mutu ba sai da muka ga mutum yana hira da ɗansa da ke Makka, yana kallon fuskarsa a tafin hannu. Duk abin da ya zo sai ya ɗauke mana wata wahala, ya kuma fice da wani abu da ba mu lura ba sai daga baya. Injin niƙa ya hutar da gwiwoyinmu, na gode masa, amma tun da ya zo ban ƙara jin mace tana waƙa a kan dutsen niƙa ba.

Kakata ta wajen uba, Iya Dije, daddawa ce sana'arta. Ranar dahuwar kalwa ita ce ranarmu mu yara. Tun la'asar take ɗora babbar tukunya a bayan rumbu, kuma dole ta zauna gadin wuta, don kalwa taurin kai gare ta, ba ta nuna da wuri. Da an idar da sallar isha'i sai mu jawo tabarma, mu bakwai ko takwas, na gida da na maƙwabta, kowa da 'yar gyaɗarsa da zai binne a toka. Warin kalwa sai ya kwana uku a zanin mutum, amma ba mai damuwa. Iya tana kan 'yar kujerarta, muciya a hannu, hasken wuta na wasa a goshinta. In ta ga mun natsu sai ta ce, "Ga baƙuwa a ƙofa." Mu ce, "A shigo da ita."

Doka guda gare ta. Ba ta yi wa wanda ba ya amsawa tatsuniya. Duk inda ta ja numfashi sai wani ya ce "to" ko "na'am". In aka yi shiru sai ta kama bakinta, ta shiga tura kara a murhu kamar ba ita ba.

"Iya, ci gaba mana."

"Da wa? Da tukunya? Ni ba mahaukaciya ba ce da zan zauna ina magana ni kaɗai. Wanda ya ji, ya ce ya ji."

Yayata Hanne, mai saurin barci, ta ƙware wajen cewa "to" tana gyangyaɗi. Rannan Iya ta sauke murya ta ce, "Hanne, a ba kura ke?" Ta ce, "To." Har ta yi jikoki ana tsokanarta da wannan.

Tatsuniyoyinta da yawa sun zube mini, amma guda ta ƙi tafiya. Wai wata mata ce aka kai aure hayin kogi, uwarta tana wannan gaɓa, ita tana waccan. Kullum da yamma uwar takan hau wani suri a bakin ruwa ta ƙwala kira, "'Yata, kin wuni?" Ita kuma ta ajiye abin da take yi, ta fito ta ce, "Na wuni, Inna." Shi ke nan, kowa ya koma ya ci tuwonsa da daɗi. Rannan sai ga mai tallar gora ya shigo garin da wani ɗan gora mai kama murya. In ana magana ka buɗe bakinsa ka toshe da totuwa, maganar ta zauna a ciki, duk sanda ka ga dama ka ji. Matar ta saya, ta tare kiran uwarta a ciki. Daga nan ta daina fita bakin kogi. Ga ruwan sama, ga taɓo, ga aiki. In ta gama komai ta yi wanka sai ta zare totuwa, goran ya ce, "'Yata, kin wuni?" ta yi murmushi ta mayar da totuwa. Uwar kuwa tana can kan suri tana kira ba amsa. Kwana ɗaya, biyu, uku. Ran na huɗu ta ce lallai wani abu ya sami yarinyar nan, ta ɗaure zani ta shiga kogi, ga shi tsakiyar damina. Ruwa ya tafi da ita. 'Yar ba ta sani ba har aka yi girbi, tunda kowace yamma uwarta tana tambayarta ko ta wuni.

Muka yi tsit, har Iya ta manta da dokarta.

"Iya, ta fasa goran?" in ji Hanne, wadda barci ya gudu daga idonta.

"Wa zai fasa? Shi kaɗai ya rage mata."

Ni kuwa abin da ke cina daban. Na ce, "Iya, a wace kasuwa ake sayar da irin goran?"

Ta ɗaga muciya kamar za ta ƙwala mini. "Ji mini 'yar nema! An ce miki ruwa ya ci tsohuwa, ke gora kika ji. Allah Ya shirye ki, Rakiya. Ku tashi, baƙuwa ta ɗauki takalmanta."

Na fara zama budurwa rediyo ta shigo gidanmu. Ranar da aka fara kunna ta, Iya Dije ta ɗaura zaninta na unguwa ta zo ta zauna a gabanta kamar an yi babban baƙo. Mutumin ciki yana magana, ita tana ta "to", "na'am", "ikon Allah". Can sai ta yi shiru da gangan don ta ga ko zai tsaya. Bai tsaya ba. Ta miƙe tana kakkaɓe zani ta ce, "Ku ji abinku. Wannan ko faɗuwa na yi na mutu ba zai sani ba." Mu kuwa sai muka koma maƙalewa a ƙofar zaure muna sauraron kiɗa. Ita ta ci gaba da gadin kalwarta. Ban san ranar da aka yi tatsuniyar ƙarshe a bayan rumbun nan ba, don ba wanda ya ce ita ce ta ƙarshe.

Aka kai ni aure Masanawa ta ƙasar Kabo. Maigidana mutum ne mai sanyin hali, maganarsa ba ta da yawa. Ba zan faɗi sunansa a nan ba, ban saba ba, Malam nake ce masa. Shi ma ba ya faɗin nawa, domin sunan mahaifiyarsa gare ni, ita ma Rakiya ce. Wane ɗa ne zai tsaya a tsakar gida ya ƙwala kiran sunan uwarsa? Tun ranar da na shiga gidan surukata ta dafa kaina ta ce, "Ga takwarata." Sunan ya bi ni. Gida da waje Takwara, har 'ya'yan da na haifa sai da suka yi wayo suka san ina da wani suna. In na je Lakwaya ganin gida ne kawai nake jin Rakiya, daga baya masu faɗin ma suka yi ta raguwa ɗaya bayan ɗaya.

Shekarun da aka yi fari a jere, gona ta kasa riƙe gida, sai Malam ya bi masu kai dabbobi Ikko, ya sami aikin lodi a wata tasha. A lokacin ne rikoda ta yi mana rana. Mu da ba mu iya wasiƙa ba, da sai mun je wurin mai rubutu mun zazzage masa cikinmu. Da kaset kuwa bakinka ne alƙalaminka. Malam ya aiko mana da rikoda, shi ma yana aron ta wani a can. Akwai wani direba ɗan Kabo, Alhaji Tanko, da ke kai shanu, shi ke zuwa da kaset ɗin ya kuma koma da shi. Yadda ake yi, in kaset ya zo sai a taru a tsakar gida a saurara, a maimaita sau biyu ko uku, sannan a ɗauki amsa a kan wannan kaset ɗin, sabuwar magana ta shafe tsohuwa, a mayar masa. Kaset guda sai ya yi shekara yana kai da kawowa.

Malam ba ya tsallake kowa a gaisuwa. "Salamu alaikum. Baba, ina wuni, ina gajiya, yaya ƙarfin jiki, yaya ƙafar? Inna, ina wuni, yaya gida, yaya haƙuri da mu?" Haka zai bi gidan ɗaki ɗaki, ya tambayi jaki, ya tambayi ko an gyara rufin rumbu. Ni rabona yana can ƙarshe, guntu: "A gaida Takwara da yara." In aka zo amsa, surukina sai ya kafa baki a jikin rikoda ya yi ta ihu.

"Baba, ba sai ka ɗaga murya ba," in ji Ladi, ƙanwar Malam.

"Ke tafi can! Kin san nisan Ikko kuwa?"

In aka zo kaina, ga surukai a zaune, sai in rufe fuska da mayafi in ce, "Muna lafiya." Ladi ta ce, "Kai, Takwara, wannan ai ko kazar da ke gefenki ba ta ji ba." A yi dariya a kashe.

A shekararsa ta uku a can ƙyanda ta shigo Masanawa. Ta ɗauke mini ɗana Sani, yana da shekara huɗu, wanda ya fi kowa kama da ubansa. A cinyata ya cika. A kaset aka gaya wa Malam, surukina ne ya faɗa, ranar bai yi ihu ba. Bayan sati uku Alhaji Tanko ya dawo da kaset biyu. Ɗaya na gida, aka saurara aka yi kuka. Ɗayan an naɗe shi a koren hankici, ya ba Ladi a gefe ya ce Malam ya ce na Takwara ne ita kaɗai.

Sai da na kwana biyu da shi a ƙugu kafin na sami sarari. Da hantsi, kowa ya tafi gona, na shige ɗaki da rikoda na sakaya ƙofa. Malam ya taɓa nuna mini da ya zo hutu: ki ƙirga madannai daga hagu, na uku shi ne na ji. Na danna. Da farko ba komai sai ƙarar motoci da hayaniyar tasha. Sannan ya yi gyaran murya.

"Rakiya."

Na waiga, wallahi, na zaci wani ne ya shigo.

"Rakiya. Ban taɓa kiran sunanki ba, yau na kira, Inna ta yafe mini. Na ji abin da ya same mu. Kowa yana yi mini ta'aziyya a nan, ni kuwa ke nake tunani, don ke kika riƙe shi, ni ina nan ina ɗaukar buhu. Kada ki ce laifinki ne. Kin ji ko, Rakiya? Ki ci abinci."

Sau uku ya faɗa. Daga nan ya yi shiru, sai ƙarar tasha kawai. Na ɗan jira, na ji shirun ya yi tsawo, ga motsi a tsakar gida, sai na kashe na tura rikoda ƙarƙashin gado. Tun da Sani ya rasu hawaye ya ƙi zuwa mini. Ranar ya zo.

Da Alhaji Tanko zai koma, Ladi ta leƙo ɗakina. "Takwara, kawo mai hankicin, ko kin yi amsar? In kunya kike ji in fita in ba ki wuri."

Na san in na amsa a kansa, sunana zai shafe. Sayen wani kaset kuma sai na aiki wani kasuwa, sai an tambaye ni na mene ne, ga shi ban ma san abin da zan ce ba in na danna. Sai na ce, "Rikoda ta cinye zaren." Ƙarya na yi, Allah Ya yafe mini. Na kai shi ƙasan adakata na ɗora zannuwa a kai.

Bayan shekara Malam ya dawo gida gaba ɗaya. Na durƙusa na ce, "Sannu da zuwa, Malam." Ya ce, "Takwara, mun same ku lafiya?" Muka koma yadda muke. Sau ɗaya tak ya taɓo maganar. Yana zaune a ƙofar ɗaki yana gyaran ƙotar fartanya, bai ko dube ni ba ya ce, "Kaset ɗin nan mai hankici, an ce rikoda ta cinye."

Na ce, "E."

"Kafin ki ji, ko bayan kin ji?"

Binta, rubuta wannan yadda yake. Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa. Na ce, "Tuwo zai kama," na tashi na yi madafa. Bai ƙara tambaya ba. Ni kuma na ce a raina wata rana zan gaya masa, in yara sun girma, in surukai sun kau, in mun tsufa kunya ta ragu. Duk waɗannan suka faru ban faɗa ba. In gida ya yi shiru sai in ciro kaset ɗin in ji "Rakiya" sau uku, da shirun nan ya fara in kashe in juya shi farko, kada batir ya ƙare, kada wani ya riske ni. Mai muryar yana nan a zaure yana jan carbi, taku ashirin tsakaninmu, ni ina ɗaki ina jin sa a inji.

Shekara ashirin da shida muka ƙara tare. Ciwonsa bai yi tsawo ba, kwana tara. A daren da ya fi jin jiki ɗakin cike yake da 'ya'ya da 'yan'uwa, da safe kuma ya riga ya daina gane mutane.

Tsohuwar rikodar ta daɗe da lalacewa kafin nan. Da na fita takaba na ce wa babban ɗana ina son wata, in riƙa jin wa'azi. Ya kawo mini sabuwa daga Kano. Lokacin yanar ido ta fara rufe mini gani, ba na bambance ja da baƙi sosai. Na jira ranar kasuwa gida ya watse, na ciro kaset mai hankici na saka, na ƙirga da yatsa daga hagu, ɗaya, biyu, uku, na danna. Ban san ba duk rikoda ce madannanta ke jere iri ɗaya ba. Wa zai gaya mini, tunda ban tambayi kowa ba?

Na ji zare yana juyawa, amma ba ƙarar tasha, ba gyaran murya. Na jira. Na ce ko sabuwar ce ba ta da saurin kamawa. Da shirun ya ishe ni sai na ce, "Malam, yi magana mana." Shiru. Daga nan ban san abin da ya kwance mini baki ba. Na ce, "Na ji fa. Wallahi na ji tun ranar. Rikoda ba ta ci komai ba, ƙarya na yi, ga shi nan a wurina. Na ci abincin ma, don ka ce in ci." Na yi ta faɗa ina kuka. Har sunansa na kira, wanda ban taɓa kira ba tun da aka kawo ni gidan. Sallamar maƙwabciya ce ta katse ni, na laluba na kashe.

Washegari na sa matar ɗana ta nuna mini madannin ji, da kaset ɗin wa'azi. Da ta fita na mayar da nawa, na juya shi farko, na danna. Sai na ji wata tsohuwa tana cewa, "Malam, yi magana mana." Na kashe da sauri. Na zauna a bakin gado har azahar ta wuce ban sani ba. Mutuwarsa ta farko mutane sun taya ni kuka. Wannan ta biyun ni kaɗai na yi, don ba wanda zan iya gaya wa abin da na rasa.

A waɗannan shekarun ne Iya Dije ta yi ta dawo mini. Ina yarinya na ɗauka matar hayin kogi malalaciya ce, taɓo take gudu. Da na tsufa sai na daina ganin laifinta haka. Ina jin son kiran ne ya yi mata yawa, har ta fi son ta adana shi da ta amsa shi, ta manta akwai mai jira a ɗaya gaɓar. Yanzu jikokina suna aiko mini da murya ta wayar Binta daga Kano da Kaduna, "Kaka, ina wuni, ya jiki?" Binta ta ce ai ba sai na amsa nan take ba, saƙon yana nan ba ya gogewa. Ni kuwa ba na yarda ta ajiye wayar sai na ce na ji, ko ina tsakiyar cin abinci. Suna yi mini dariya, wai Kaka ba ta gane waya ba. Na bar su a haka.

Shekara goma sha bakwai ban ƙara taɓa kaset ɗin ba. Bana da ƙafa ta matsa mini, Binta ta ɗauko ni na dawo wurinta a Gwarzo, inda take koyarwa. Wajen kwashe kaya ta ci karo da shi a ƙasan adaka, hankicin ya koɗe ya zama kamar toka.

"Inna, wannan fa? Waƙoƙin 'yanmatancinku ne kike ɓoyo?"

"Ajiye mini abina."

"Akwai mai gyaran rediyo a kasuwa, yana juye kaset a waya. In kai masa?"

"Ki kai wa ƙato ya ji me? Ba abin da ke ciki sai haukan uwarki."

Ta zauna a gabana ta ƙi tashi. Ita ce ta fi kowa naci a 'ya'yana. A ƙarshe na gaya mata duka, tun daga Alhaji Tanko har madanni na uku. Bayan kwana biyu ta dawo daga makaranta da wata tsohuwar rikoda da ta aro wurin mai gyaran, ta ce ba wanda zai ji sai mu biyu, ita dai tana son ta ji ko da numfashin babanta ya rage. Na ce babu, na shafe. Ta ce a gwada.

Bayan la'asar ne. Ta rufe ƙofa ta danna. Na ji kaina ina roƙonsa ya yi magana, na ji kukana, na ji sunansa a bakina. Binta ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan siket ɗinta. Aka zo sallamar maƙwabciya, aka ji ƙarar kashewa. Na ce, "Shi ke nan, kashe." Ta kama hannuna ta riƙe, ba ta kashe ba.

Sai ga ƙarar motoci. Tashar Ikko ce, ta shekara arba'in da wani abu da suka wuce, wani yana tallar ruwa, wani yana zagin kwandasta. Shirun nan ne da nake kashewa a kansa kullum, ashe ban shafe shi duka ba. Ya yi tsawo, har na ce mata ba komai a gaba, na sani. Ashe ban sani ba. Can sai aka ja hanci, aka yi gyaran murya. Binta ta matse mini hannu har ya yi zafi.

"To. Na rasa abin da zan ƙara." Muryarsa ce, ta ƙuruciya, kafin haƙoransa su zube. "Na san halinki da kunya. Ba sai kin yi magana ba. In kin ji, ki danna ki yi ko da tari ne ki ba Alhaji Tanko, zan gane."

Zaren ya ƙare, rikoda ta kashe kanta.

Binta ta ce, "Inna, in juye wannan guntun a waya, kada shi ma ya lalace?" Na ce ta juye, 'yan'uwanta su ji muryar ubansu, amma ta fara daga ƙarar motoci. Abin da ke gabansa nawa ne da shi.

Kullum bayan sallah ina roƙa masa gafara, ina kuma roƙon Allah Ya sanar da shi abin da na kasa sanar da shi. Malamai sun ce addu'a tana isa, da wannan nake rarrashin kaina. Amma in na kwanta sai in yi ta lissafi. Shekara ashirin da shida ina gabansa bayan wannan kaset. Na yi tarin mura, na yi na hayaƙin murhu, na yi na ƙwarewa da ruwa, wani lokaci har ya ɗago kai ya dube ni, in ce masa ba komai. Ko guda ɗaya ban yi masa da niyya ba.